Tsakanin Sani da Iyawa: Tunanin Ɗaliban Kimiyya daga Nguru da Gashuwa

Duk wanda ya taɓa zama a ajin kimiyya ko na lissafi a jami'a ya san takardar nan da akan raba, ko kuma malami ya karanto ta, a laccar farko ta zangon karatu. A samanta akwai sunan kwas da lambarsa, daga ƙasa kuma sai jerin abubuwan da aka ce ɗalibi zai iya idan an kammala. Su ne ake kira manufofin koyo. Sau da yawa takardar ba ta wuce wannan rana da rai, domin ɗalibi yakan ninke ta ya cusa a bayan littafi, ya shiga farautar tambayoyin jarrabawar bara, tun da ya lura cewa a can ne ainihin abin da ake nema a wurinsa yake. To mu da muka taso a Nguru da Gashuwa, muka bazu a jami'o'i muna karanta ilmin halittu da na sinadarai da fiziks da lissafi, mun daɗe muna jujjuya maganar wannan takarda a tsakaninmu, musamman a mota idan an yi hutu za a koma gida. Abin da muka tsaya a kansa shi ne, takardar alkawari ce, kuma alkawarin da babu hanyar gane an cika shi ko ba a cika ba, sunansa zance.

Maganar ba ta ɗalibai kaɗai ba ce. Tun a 1989 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta fitar da mafi ƙarancin abin da ya wajaba a koyar a kowane fanni, aka sake duba shi a 2007. A watan Disamba na 2022 kuma aka ƙaddamar da sabon kundin manhaja wanda ake kira CCMAS, inda a ƙarƙashin kowane kwas aka rubuta abin da ake so ɗalibi ya iya. Wani abu da ya fi jan hankalinmu a cikinsa shi ne rabon da aka yi: kashi 70 cikin ɗari na manhajar daga hukuma yake, iri ɗaya daga Legas har Damaturu, kashi 30 kuwa an bar wa kowace jami'a ta tsara gwargwadon buƙatar inda take. Ga shi kuma tun 2013 an kafa Jami'ar Tarayya a Gashuwa, baya ga Kwalejin Ilmi ta Umar Sulaiman da ta daɗe tana horar da malamai a garin. Ke nan tambayar abin da ya kamata ɗan kimiyya ya iya ta iso har ƙofar gidanmu.

Haƙiƙa ba mu buƙatar wani ya zo daga nesa ya gaya mana yadda manufar koyo bayyananniya take. Ƙasarmu ita ce gabas ɗin da almajirai daga ƙasar Hausa suke nufa idan suna neman Alƙur'ani da gaske, kuma a tsangaya kowa ya san inda aka dosa. Kolo ya san abin da ke tsakaninsa da titibiri, gardi ya san abin da ya rage masa kafin a kira shi alaramma. Wanda ya ce ya haddace, sai a ce ya karanto. Wanda ya ce ya ƙware, sai a ba shi takarda da tawada ya rubuta da ka, masana su zauna su bi shi wasali bayan wasali. Babu wurin ɓuya. Haka ɗan masunci a ƙasar Bade, ba a cewa ya iya su sai an gan shi a kan gora a tsakiyar ruwa, ya jefa koma, ya fito da kifi. Sai dai akwai wani bambanci da ya kamata mai karatu ya riƙe. A tsangaya hadda ita ce manufa, kuma daidai ne ta zama haka, domin aikin shi ne a kiyaye nassi yadda yake ba ragi ba ƙari. Kimiyya kuwa aikinta fuskantar abin da ba a riga an rubuta amsarsa ba. Idan aka ɗauko haddar aka baro tsananin tantancewar, aka kai ajin fiziks, an yi asara biyu.

Mun ga irin wannan asara da idonmu. Mun zauna a azuzuwan da kalmar da ta fi yawo a takardar manufofi ita ce "fahimta": ɗalibi zai fahimci kaza, zai fahimci kaza. To yaya ake auna fahimta? A ƙarshe abin da ake aunawa shi ne wa ya fi iya maido wa malami bayanansa kalma da kalma. Mun san abokai masu kaifin ƙwaƙwalwa da za su rubuto ma'anar gudun ruwa a cikin bututu da duk alamominta ba kuskure, amma da za a tsayar da su a bakin magudanar da ke shayar da gonar shinkafar mahaifinsu a ce nawa ne ruwan da ke wucewa, sai ido ya raina fata. Tun a 1956 wani masanin ilmi a Amurka, Benjamin Bloom, da abokan aikinsa suka jera matakan koyo guda shida, tunawa a can ƙasa, aiwatarwa da tsettsefewa da yanke hukunci a sama. Abin takaici, wannan jerin ma akwai inda haddace shi ake yi don jarrabawa.

Bari mu tsaya a kan magudanar nan, domin ita ce misalin da muka fi so. Ɗalibi yana buƙatar igiyar awo da sanda da agogo da guntun kara. A ce faɗin ruwan mita 10 ne, zurfinsa idan an auna wurare da dama an raba ya kama mita 1, karan da aka jefa kuma ya yi tafiyar mita 20 cikin daƙiƙa 40. Gudun ke nan rabin mita a daƙiƙa, wato lita 5,000 na wucewa a kowace daƙiƙa. Nan ne kuma ake gane wanda ya iya. Shi zai tuna cewa ruwan sama-sama ya fi na ƙasa sauri, saboda ƙasa da ciyawa suna riƙe na ƙasa, don haka sai ya rage kimanin kashi ɗaya cikin biyar, ya ce wajen lita 4,000 ne. Zai maimaita awon sau biyar ya ga yadda amsoshin suka saɓa da juna, ya faɗi iyakar abin da za a iya dogara da shi a cikin adadin. Idan iska ta kaɗa karan, zai san ya watsar da wannan awon. Babu wani abu a nan da ya wuce karatun shekarar farko, amma a cikinsa akwai awo, akwai ƙiyasi, akwai sanin kuskure, akwai gaskiya wajen bayar da rahoto. Manufar da ta ce "ɗalibi zai auna ruwan da ke wucewa a magudana, ya faɗi gwargwadon kuskuren awonsa" kowa zai iya ganin an cim mata ko ba a cim mata ba, har da mai gonar.

Kuma wannan awo ba wasan yara ba ne a wurinmu. Rayuwar Nguru da Gashuwa a kan ruwa take. Kogin Haɗeja da na Jama'are su ne suke malalowa su cika fadamun nan, su haɗu a kusa da Gashuwa su zama Komadugu Yobe, wanda ke tafiya har Tafkin Chadi. A kan ambaliyarsu ake noman shinkafa, a janyewarta ake shuka, a kanta makiyaya da masunta suka dogara, kuma saboda ita tsuntsaye suke ƙetaro hamada daga Turai su yi hunturu a Dagona. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Amma tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, ɗabi'ar kogin ta canja. Dā yakan cika da damina ya ƙafe da rani. Da aka koma sako ruwa har da rani, sai aka sami ruwa marar zurfi, mai tafiya a hankali, wanda ba ya yankewa, kuma wannan shi ne abin da kacalla take so. Ta mamaye hanyoyin ruwa, ta tare laka, ta toshe wasu mashigu, ruwan ya karkata ya yi wa wasu garuruwa yawa har ya ci gonaki, wasu kuma ya daina isa gare su. A cikinta jan-baki yake samun mafaka ya fito ya far wa gero da shinkafa, ga sauro, ga dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya.

Wane darasi ne ba ya cikin wannan labari? Mai ilmin tsirrai zai tambayi dalilin da ya sa idan an yanke kacalla a ƙarƙashin ruwa takan mutu, idan an yanke ta a sama kuwa sai ta tofo, kuma amsar tana cikin yadda ganyenta ke kai iska zuwa saiwa. Mai lissafi zai gina tsarin da ke nuna yadda take yaɗuwa, da sauri a farko, a hankali idan wuri ya fara cika, ya gwada shi da abin da ke ƙasa. Mai kwamfuta yana da hotunan tauraron Landsat, waɗanda aka fara ɗauka tun 1972 kuma aka buɗe su kyauta tun 2008, zai iya jera hoton Tafkin Nguru na shekaru talatin baya kusa da na bana ya ƙirga abin da ya rufe. A ganinmu, wanda ya yi shekara huɗu yana karanta kimiyya a wannan yanki ya fita bai taɓa jiƙa ƙafarsa a wannan ruwa da ma'auni a hannu ba, an rage masa wani abu daga haƙƙinsa.

Akwai kuma abin da ya fi kacalla ciwo. Da wuya a sami gida a Gashuwa da kewaye wanda bai san wani da ciwon ƙoda ya kwantar ko ya ɗauke ba. Mun yi zaman makoki, mun ga an sayar da gona da shanu don a kai marar lafiya wankin ƙoda. Maganar ta kai har gwamnatin jiha ta sa masana bincike a kanta. A gari kuwa kowa da nasa bayanin: wani ya ce ruwan sha ne, wani ya ce maganin feshin gona ne, wani ya ɗora wa zafin rana da ƙarancin shan ruwa ga mai aikin ƙarfi, wani ya ce hawan jini ne da ciwon sukari da shan magani barkatai. Idan ɗan gida ya dawo da digirin kimiyya, dattawa sukan juyo su dube shi. Ba muna cewa ya zo da amsa ba, domin wannan aiki ne na ƙwararru da kayan aiki masu tsada da shekaru. Abin da muke cewa shi ne, akwai abubuwan da ya wajaba ya iya a wannan zama. Ya iya bayyana cewa yawan majinyata a asibitin da ke da injin wankin ƙoda ba ya nuna yawan cutar a garin da asibitin yake, tun da daga nesa ake zuwa. Ya iya tambayar mutum nawa cikin nawa. Ya san cewa idan masu ciwon duk ruwan rijiya guda suke sha, sai an duba ko masu lafiya ma shi suke sha kafin a tuhumi rijiyar. Idan mai ilmin sinadarai ne, ya san Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a kan maikrogiram 10 a lita, wato kashi ɗaya cikin miliyan ɗari, na kadmiyam kuma maikrogiram 3, ya kuma san cewa a irin wannan ƙanƙanta kwalbar da ba a wanke da kyau ba ta isa ta ɓata sakamako gaba ɗaya. Wanda ya iya waɗannan ba zai ruɗe jama'a da takardar gwajin da bai san yadda aka yi ta ba, kuma ba zai bari a ruɗe su a gabansa ba.

'Yan lissafin cikinmu sukan yi ƙorafi cewa su kullum ana tambayarsu amfanin karatunsu. Mukan tura su zauren da ake rabon gado. A ce mace ta rasu ba ɗa ba iyaye, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, 'yan'uwan suna da biyu bisa uku. Idan aka raba dukiya gida shida, miji ya ɗauki uku, su kuma huɗu, an sami bakwai ke nan a inda shida kawai ake da su. Malaman fara'ili suna warware wannan da abin da suke kira auli: a mai da asalin rabon bakwai, kowa ya ragu daidai gwargwadon rabonsa. Idan dukiyar naira 700,000 ce, miji ya sami 300,000, kowace 'yar'uwa 200,000. Malamin da bai taɓa shiga jami'a ba yana yin wannan da yatsa a kan rairayi, kuma ya san dalilin kowane mataki. Ba banza ba Alkhawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, ya ware kaso mai tsoka na littafin ga matsalolin wasiyya da gado. Ɗalibin lissafin da zai iya kallon wannan ya gane ƙa'idar da ke ƙarƙashinsa, ya rubuta ta da alamomi yadda za ta yi aiki ga kowace mas'ala irinta, ya kuma kafa hujjar cewa jimillar kullum za ta koma ɗaya, shi ne ya kama hanya. Kafa hujja ita ce zuciyar lissafi, kuma ita ce aka fi haddacewa ba tare da an taɓa barin ɗalibi ya gina tasa ba.

Mun san za a ce mana kimiyya ba ta da ƙauye. Ƙa'idojin Niyuton a Gashuwa su ne a Landan, kuma yaron da aka horar a nan wataƙila a Fatakwal ko a Jamus zai ci abinci, saboda haka kada a ɗaure shi a bakin kogi. Wannan magana tana da nauyi, kuma kashi 70 ɗin nan saboda ita aka ajiye shi. Amma mu abin da muka lura shi ne, wanda ya koyi auna kuskure a magudanar Marma zai auna shi a matatar mai, wanda kuwa ya haddace ma'anarsa kawai ba zai auna shi a ko'ina ba. Tsoronmu na gaske wani ne daban, wato a cike kashi 30 ɗin da kwasa-kwasan da aka kwafo daga wata jami'a mai nisa, a sauya musu lamba, a ce an yi.

Za kuma a ce babu kayan aiki, kuma gaskiya ne. Mun shiga ɗakunan gwaje-gwajen da ɗalibai sittin ke kewaye da madubin ƙara girma guda ɗaya, mun rubuta rahoton gwajin da wuta ta ɗauke kafin a fara shi. Malamanmu da yawa sun yi iyakar ƙoƙarinsu a cikin wannan hali, wasu da kuɗin aljihunsu, Allah ya saka musu. Sai dai ba kowace manufa ce ke jiran inji ba. A 2014 wasu masana a Amurka sun tattara sakamakon bincike 225 a kan azuzuwan kimiyya da lissafi da injiniya na jami'a, suka tarar cewa inda lacca zalla ake yi kimanin kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ke faɗuwa, inda kuwa ake sa su warware matsaloli da tattaunawa a cikin aji, kimanin kashi 22 ne. Tsayar da lacca na minti biyar a jefa tambaya, kowa ya yi gardama da na kusa da shi kafin a faɗi amsa, ba ya buƙatar janareta. Ma'aunin ruwan sama gwangwani ne da rula. Da kowane rukunin ɗalibai zai riƙe guda a Nguru da Jajimaji da Gashuwa da Yusufari, a rubuta kullum, masu fita su miƙa littafin ga masu shigowa, cikin shekara goma an tara abin da manomi da mai bincike duk za su nema.

Saura magana guda, kuma ta ku ce, ma'abota wannan mujalla. Duk abin da muka koya da Ingilishi muka koye shi, mutanen da abin ya shafa kuwa da Hausa da Badanci da Manganci da Fulatanci suke tunani. Mun sha gwada kanmu: a fassara wa dattijo abin da ake nufi da "matsakaicin adadi", ko a bayyana masa yadda abu biyu za su riƙa tafiya tare ba tare da ɗaya ya haifi ɗayan ba. A nan ne asiri yake tonuwa, domin da Ingilishi mutum zai iya fakewa a bayan kalma, da harshen uwa kuwa sai ya san abin kafin ya iya faɗarsa. Wani daga cikinmu ya taɓa samun mafita da cewa, ai lokacin da shamuwa ke dawowa shi ne lokacin da ruwa ke sauka, amma ba shamuwa ce ke kawo ruwan ba. Dattijon ya yi dariya ya ce ya gane. Muna so a rubuta wannan a takardar manufofi baƙi da fari, a kuma ba shi maki: kafin ɗalibi ya karɓi shaidarsa, ya tsaya minti goma a gaban mutanen da ya yi bincike a ruwansu ko a gonarsu, ya gaya musu da harshensu abin da ya auna da abin da ya samu, ya amsa tambayoyinsu. Kalmomin da zai buƙata da yawa ba a riga an daidaita su ba, kuma daidaita su aiki ne da ɗan sashen Hausa da ɗan sashen kimiyya za su zauna a tabarma ɗaya su yi, kowa da littafinsa, su fara da kalmomin da masunta da masu noman rani suka riga suke da su na zurfi da gudu da gishirin ƙasa.